Tsoron makirfo: tambayoyin da aka fi yi min kan magana a gaban jama'a

Na yi shekaru ina horar da yara muhawara a wata sakandare a nan cikin birni, to daga nan abin ya biyo ni har gida, yau wani zai zo wai an sa shi jawabin godiya a walimar saukar ƙaninsa, gobe wata tana da difens, wato kare kundin bincikenta gaban malamai, a jami'ar BUK, jibi kuma ɗan kasuwa ne daga Kwari an zaɓe shi sakataren ƙungiyar layinsu alhali bai taɓa tsayawa gaban mutum ashirin ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne shi ya sa na tara su guri guda. Duk inda na ce "ka" har da "ki" nake nufi, sai inda maganar ta mata ce zalla.

Wai iya magana a gaban mutane baiwa ce ko koyo ake?

Akwai baiwa, ba zan yi maka ƙarya ba, wani tun yana yaro in ya buɗe baki a dandali kowa shiru yake. Amma ka duba mutanen da muke buga misali da su mana. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ake wa laƙabi da mai muryar zinare shi ma alli ya fara riƙewa. Wato mutane ne da suka yi shekaru kullum ta Allah suna tsayawa gaban aji, su yi bayani yaro bai gane ba su sake ta wata hanyar, kuma a shekarun 1940 a Bauchi har zaman tattaunawa su Malam Aminu da Ɓalewa suke yi tare da Malam Sa'adu Zungur ana kai ruwa rana. Mu ƙarshen abin muka gani, farkonsa ya wuce mu. Da koyo akan iya.

Da an kira sunana sai gabana ya faɗi, yawuna ya ƙafe, ƙafata ta kama rawa. Lafiyata ƙalau kuwa?

Lafiyarka lau. Jikinka ne bai iya bambance taron mutum ɗari da karen da ya biyo ka a lungu ba, duk hatsari yake gani, sai ya saki wani sinadari da ake kira adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, jini ya tafi cinyoyi da damatsa dan ka gudu ko ka yi dambe, yawu ya ragu, zufa ta karyo. Kai kuma ba gudu za ka yi ba ba dambe ba, shi ya sa ƙarfin yake fita ta rawar hannu da rawar murya. A abin da na gani wajen ɗalibaina, minti ɗaya zuwa biyu na farko ne masu zafi, in ka tsallake su sai abin ya fara lafawa da kansa.

Abu na biyu, abin da kake ji a ciki mutane ba sa ganin ko rabinsa. Sau nawa yaro zai sauko ya ce min malam wallahi na daburce, ni kuma da nake zaune a layin gaba ban ga komai ba. Kuma kar ka ɗauka raunin imani ne ko rashin mazantaka, Annabi Musa (AS) da aka aika shi gun Fir'auna sai da ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirji, ya sauƙaƙa masa al'amari, ya warware ƙullin harshensa dan a fahimci maganarsa, yana nan a Suratu Ɗaha aya ta 25 zuwa 28. Ni har yau ita nake karantawa kafin na miƙe, kuma har yau gabana yana faɗuwa, sabawa kawai na yi da shi.

To a ranar, me zan yi kafin a kira ni?

Ka je da wuri ka ga gurin, ka tsaya inda za ka tsaya tun ba kowa, ka gaisa da mutum uku-huɗu daga cikin waɗanda suka riga zuwa, in ka miƙe su za ka fara kallo sun zama 'yan gida. Kar ka cika ciki da tuwo ko gurasa mai yaji, kar kuma ka je da yunwa. Ana saura mutum ɗaya a zo kanka ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ta baki ya fi jan tsawo, kamar sau biyar, fitar da numfashi a hankali shi ne yake rage bugun zuciya. Ka kurɓi ruwa, musamman lokacin hunturu da ƙura ke busar da maƙogwaro. Jimloli biyun farko kuma ka haddace su kamar karatun sallah.

Wani abokina ya ce akwai ƙwayar da ake sha ta cire kunya. Gaskiya ne?

Ka rabu da wannan abokin a kan wannan maganar. Mun san me taramol da kodin suka yi wa matasa a garin nan, har ta kai gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, kuma da yawa da "ɗan na cire kunya" suka fara. Wanda ya sha ji yake yana burgewa, masu sauraro kuwa suna jin harshensa yana karyewa. Eh akwai maganin da likita kan rubuta wa wanda bugun zuciyarsa da rawar jikinsa suka wuce misali, amma irin sa yana da hatsari ga mai asma da wasu masu ciwon zuciya, ba abin zuwa kemis a ce a ba ni ba ne. In tsoron ya kai har kana gudun aji ko ka ƙi karɓar aiki sabida shi, ka ga likita ido da ido.

An ba ni sati guda in shirya. Ta ina zan fara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran, kuma ita aka fi rainawa. Kafin ka rubuta komai, ka ɗauka an tashi daga taron, wani ya koma gida matarsa ta ce masa me wane ya ce? Me kake so ya ce mata? Jimla ɗaya. "Ya ce kowa ya biya kuɗin ƙungiya kafin ƙaramar sallah sabida a gyara kwatar layinmu kafin damina." "Ta ce a daina cire yarinya daga makaranta ana saura shekara ɗaya ta gama." In ba ka iya faɗar wannan jimlar ba to ba ka da jawabi tukuna, tarin magana kawai gare ka, kuma yawancin mutanen da suke zuwa min da kukan tsoro in na tambaye su me za ka ce sai su fara kame-kame, ka ga ashe ba mutane suke tsoro ba, rashin sanin inda suka dosa ne yake kaɗa su. Wanda aka damfara a kasuwa bai taɓa rasa bakin magana a gaban shugaban kasuwa ba, ko da kuwa shiru-shiru ne, sabida ya san abin da ya kai shi.

In ka samu jimlar sai ka nemo mata dalilai biyu ko uku, kowanne da misalinsa na zahiri, abin da ya faru a unguwarku ko a shagonka, ba "kamar yadda masana suka ce" ba wanda ba ka san ko su waye masanan ba. Sai ka tambayi kanka su waye za su zauna a gabana, dattawa ne ko samari, sun yi boko ko ba su yi ba, sun ci abinci ko jira suke ka gama a raba. Duk abin da bai taimaki jimlar nan ba ka cire shi ko da ya yi maka daɗi.

Sannan ka faɗe shi da ƙarfi, a tsaye, kana duba agogo, aƙalla sau uku a ranaku daban-daban. Karantawa a zuci ba atisaye ba ne, baki ne zai yi aikin ranar dan haka baki za ka horar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In rubuta in karanta, ko in haddace, ko in yi da ka?

Karantawa kalma-kalma tana kashe murya, kanka yana ƙasa mutane suna kallon hularka. Haddar jawabi gaba ɗaya kuma irin haddar allo ce, in kalma ɗaya ta ɓace duk shafin ya tafi kuma ba alaramma a gefenka da zai ja maka baki. Abin da nake sa yara shi ne ƙaramar takarda mai girman tafin hannu, a rubuta kanun maganar da manyan baƙi, kalma biyu-uku kowanne, farko da ƙarshe ne kawai ake haddacewa. Sunaye da lambobi da adadin kuɗi kuwa a rubuta su cikakku a karanta, nan ba gurin gwaninta ba ne. In sanarwar ƙungiya ce ko matsayar da aka cimma wadda kalma ɗaya za ta iya jawo rigima, to karanta ta, ba abin kunya ba ne.

Mutane kan ce ai Ɗan Masani ba ya duba takarda. Haka ne, a ƙarshen rayuwarsa ma idonsa ya samu matsala, amma in ka saurari jawabansa da yawa za ka ji akwai maganganun da yake komawa kansu, adalci da shugabanci da zaman tare, ya juya su shekara da shekaru har sun zama jikinsa. Kai satinka ɗaya.

Gaisuwar manya fa? Ina tsoron in tsallake wani a ce na yi raini.

A nan Kano wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma a nan na fara cin ƙasa. Karo na farko da aka ba ni makirfo a wani taron raba kyaututtuka, minti biyar aka ba ni, na ɗauko gaisuwa tun daga wakilin hakimi har kan masu gadi, kowa da sunansa da muƙaminsa, ina cikin maganata sai na hango mai unguwa ashe na tsallake shi, na koma baya na gaishe shi, na dawo na manta inda na tsaya, emsi ya miƙo min 'yar takarda wai saura minti ɗaya. Abin da na zo faɗa ko kusa da shi ban je ba.

Abin da na koya: ka samu emsi ko mai taron tun kafin a fara ya rubuta maka manyan da suka zo da tsarinsu da sarautarsu daidai, dan kiran mutum da sarautar da ba tasa ba ya fi tsallake shi muni. In kai ne mai magana na farko ko mai masaukin baƙi to nauyin cikakkiyar gaisuwa a kanka yake. In kuwa mutum huɗu sun riga ka sun jero su, sallama, salati, ka ambaci babba ɗaya ko biyu da lafazin da ya dace da su, ranka ya daɗe ga basarake, Allah ya gafarta malam ga malami, sai ka ce iyayena da yayyena da sauran manyan baƙi ina gaishe ku baki ɗaya, ka shiga magana. Ba dattijon da zai ji haushin an bar shi ya tafi sallar la'asar a kan lokaci.

An tarbiyyantar da mu ba a kallon babba ido cikin ido. Amma ana cewa dole mai jawabi ya kalli mutane. Ya ke nan?

Masu cewa ka zuba wa mutane ido ba su taɓa magana gaban surukinsu ba. Ba a ce ka ƙura wa hakimi ido ba, abin da ake gudu shi ne ka yi jawabin gaba ɗaya kana kallon takalminka ko silin. In kana gaishe da manya ka ɗan russuna ka sauke ido, wannan ladabi ne kuma kowa zai gane. In ka shiga magana ka ɗago, ka raba kallonka dama da hagu da tsakiya da can baya, kowane ɓangare jimla ɗaya ko biyu, za ka samu wani mai gyaɗa kai ka riƙa komawa gunsa kana shan iska. Kunya da kara suna nan a lafazinka da tsayuwarka, ba sai muryarka ta maƙale ba.

Ni mace ce, duk sanda na yi magana a taro sai in ji kamar za a ce na cika rawar kai.

Za a iya faɗa, ba zan ce miki ba za a faɗa ba. Amma ba ke kika fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'yan taru, jajis ɗinta mata ne da suke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata da baki, Hajiya Gambo Sawaba kuma ta hau dandamalin NEPU tana yarinya har ɗauri ta sha sau da dama a kai. A yau ma ki je walimar mata ko islamiyyar matan aure ki ji malamai mata da za su riƙe mutum ɗari biyu awa guda ba makirfo.

Abin da na fi gani ga ɗalibaina mata shi ne fara magana da ban haƙuri, "ni dai ban iya magana ba, ku yi haƙuri ba wani abu zan ce ba", kin ga kin riga kin ce musu kar su saurara. Ki cire wannan. Sai muryar da ake shaƙewa a maƙoshi dan kar a ce an ɗaga ta, ba ihu aka ce ki yi ba, ki matso da makirfo ki bar shi ya yi aikin, akwai bayaninsa a ƙasa. Ki kuma ɗaura mayafi ko hijabin da ba sai kina gyara shi duk bayan jimla ba.

In kaina ya ɗauke a tsakiyar magana fa?

Ka yi shiru. Daƙiƙa uku a gurinka kamar shekara ce, a gurinsu kuwa gani suke kana nazari. Ka duba 'yar takardar nan da muka yi maganarta a sama, ko ka maimaita abin da ka faɗa na ƙarshe da wasu kalmomin, yawanci shi zai jawo na gaba. In ya ƙi, tsallake, ba wanda ya san me ka shirya sai kai. Kar dai ka ce "wallahi na manta" ka kama dariyar yaƙe.

Ina da sauri, kuma bakina ya saba da "ka gane", "wato", "eh to".

Ɗauki wayarka ka naɗi kanka minti biyu kana bayanin komai, ko yadda ake zuwa Kurmi daga Ƙofar Nassarawa, ka saurara. Ba daɗi, kowa ya tsani muryarsa, amma nan za ka ƙirga "ka gane" ɗinka. Ba a cire su da ƙarfin tsiya, gurbinsu ake cikewa da shiru, duk inda ka ji tana tahowa ka rufe baki ka ja numfashi. Saurin ma haka, tsoro ne yake cewa yi ka gama ka gudu. Nana A'isha (RA) ta siffanta maganar Manzon Allah (SAW) da cewa da mai ƙirga zai ƙirga kalmominsa da ya ƙirge, kuma Anas (RA) ya ce yakan maimaita magana sau uku dan a fahimta. Ka saurari masu karanta labarai a rediyo ka lura da inda suke tsayawa, ba inda suke magana ba.

Ina da in'ina. Ni ma zan iya?

Za ka iya, ɗaya daga cikin yaran da suka fi ci min gasa mai in'ina ne. In'ina ba ƙarancin basira ba ce ba kuma aljanu ba ne, kuma tsohon shugaban Amurka Joe Biden ya sha faɗa da bakinsa cewa da ita ya taso. Ɓoye ta ne yake ƙara mata ƙarfi, in ka yarda za ta zo ka ci gaba abinka ta fi sauƙi. Gajerun jimloli, kar ka fara magana numfashi ya ƙare, ka roƙi 'yan gida su daina ƙarasa maka kalma. Akwai ƙwararru masu horar da magana, ka tambaya ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro a babban asibiti su nuna maka hanya. Nan ne ma za ka je in muryarka ta dishe ta wuce sati uku ba ta dawo ba, malaman makaranta da masu wa'azi ku ji wannan.

Hausa zan yi ko Turanci? Ina jin kunyar a yi min dariyar "f" da "p".

Yaren da mutanen gabanka suka fi ji, shikenan. Abin haushi ne ka ga taron iyayen yara a Gwammaja ko Ɗorayi, kusan kowa Bahaushe, wani ya tashi yana ta fasa Turanci dan a san ya je jami'a, iyaye mata suna kallonsa. Malam Aminu ya yi karatu har Ingila amma da Hausar da mai faskare zai gane ya ja talakawa. Ingausa kuma a hira ba laifi, a jawabi dai ka zaɓi ɗaya ka riƙe, kalmar da ba ta da Hausa ka faɗe ta ka wuce.

In gurin na Turanci ne dole, kamar difens ko intabiyu, ka fitar da kalmomin da ka san za su zo da yawa ka yi ta maimaita su, na "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, na "f" haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa, ka riƙe takarda gaban bakinka in ta motsa da ƙarfi to "p" ka yi. Bayan haka ka ƙyale kanka. Kowace ƙabila a ƙasar nan da inda harshenta yake karyewa a Turanci, kuma malamin da ke gabanka hujjarka yake bi.

Ya ake riƙe makirfo, in kuma aka ɗauke wuta fa?

Kamar faɗin yatsu uku-huɗu daga bakinka, in ka juya kai ya bi ka. Kar ka hura shi kar ka buga shi, kar ka rufe kansa da tafin hannu kamar mawaƙi, kar ka tsaya gaban lasifika ko ka nuna mata shi, shi ke kawo kukan nan mai tsinka kunne. In NEPA ta yi halinta kar ka tsaya jiran janareto kana murmushi, matso kusa da mutane, ɗaga murya daga ciki, ka yi magana da na layin ƙarshe. Masu difens da suka zuba komai a PowerPoint su fi kowa jin wannan, ka buga silaid ɗinka a takarda ka riƙe, ka kuma gwada yin bayanin sau ɗaya ba furojekta.

Ina magana mutane suna hira suna danna waya. Laifina ne?

Wani lokacin a'a, an fara raba shinkafa ko an kusa kiran sallah, ko Ɗan Masani ne zai sha wuya, abin yi kawai ka taƙaita. Amma sau da yawa tsawo ne ya yi yawa ko kuma kana ta zuba bayani ba mutum a ciki. Da ka ce "akwai wata baiwar Allah a layinmu" za ka ga kawuna sun ɗago. Kar ka yi musu tsawa, yin shiru na ɗan lokaci ya fi tsawa jawo hankali. Kuma ka tuna hadisin Ammar (RA) da Muslim ya ruwaito, cewa tsawaita sallar mutum da gajarta huɗubarsa alama ce ta fahimtarsa. In huɗubar Juma'a aka so a gajarta, ina ga jawabin godiya a dina.

In sa karin magana da aya da barkwanci?

Karin magana gishiri ne, ɗaya ko biyu a inda suka zauna daram, ba ka jero biyar kamar gasar Hausa ba. Aya da hadisi kuwa in ba ka tabbata da lafazin ba ka faɗi ma'ana, ko ka kai wa malami ya duba maka kafin ranar, a garin nan duk taron da ka shiga akwai mahaddaci a ciki kuma zai gyara maka a bainar jama'a. Barkwanci mafi aminci shi ne wanda ka yi a kanka. Wasan Kanawa da Zazzagawa ko na Fulani da Barebari yana tashi in ka san wa ke zaune a gurin, in ba ka sani ba bar shi, magana zarar bunu ce. Siyasa da saɓanin malamai kuma in ba su aka kira ka yi ba kar ka taɓa ko da wasa.

In aka yi min tambayar da ban san amsarta ba, ko wani ya taso dan ya ƙure ni?

Ka bari ya gama, ka maimaita tambayar da bakinka dan kowa ya ji kai kuma ka samu lokacin tunani. In ba ka sani ba ka ce ban sani ba zan bincika, malamanmu na zaure da "Allahu a'alamu" suke rufewa kuma bai rage musu komai ba. A difens musamman, ƙirƙirar amsa ita ke jawo tambaya ta biyu da ta uku har a kai ka bango. Mai neman ƙure kuwa fushinka yake nema, ka ce na gode da gyara, ka amsa abin da yake da amsa a ciki, ka juya ga mai tambaya na gaba. Jama'a suna gani, su za su yi maka hukunci.

A ina zan samu gurin gwaji?

Gurin yana gabanka. Karɓi aji ɗaya a islamiyyar unguwarku ko darasin yamma na yara, ka ga ka bi hanyar mutanen da na ambata a amsar farko. A taron ƙungiya ka ɗaga hannu ka ce kai za ka karanta bayanin zaman baya. In ɗalibi ne kai shiga ƙungiyar muhawara ko ta wasan kwaikwayo, a firazanteshan na rukuni kuma ka daina laɓewa bayan mai baki. Ka riƙa zuwa laccoci irin waɗanda ake yi a Gidan Mambayya, ka saurara da kunne biyu, ɗaya na abin da ake faɗa ɗaya na yadda ake faɗarsa, lokacin tambayoyi ka miƙe ka yi guda ɗaya. Tun da aka buɗe Freedom a 2003 gidajen rediyo suka yawaita a Kano, shirin kiran waya kyauta ne in ban da kati, ka shirya maganarka ta daƙiƙa talatin ka kira. Ko saƙon murya na WhatsApp ma, ka riƙa yin sa tiryan-tiryan ba gogewa. Ka samu mutum ɗaya da ba ya jin kunyarka ya riƙa faɗa maka gaskiya, banda mahaifiyarka, ita kullum ka burge.

An tashe ni ba shiri, wai in ce wani abu a madadin dangi ko abokan ango.

Wannan kam sai ta same ka wata rana, dan haka duk taron da ka je wanda kake da kusanci da masu shi ka tanadi abu ɗaya a aljihu tun a hanya. In an kira ka kar ka tsaya "a'a wane ya fi ni cancanta" ana ja kana ja, ka tashi kawai. Sallama, gajeriyar gaisuwa irin wadda na faɗa a sama, ka ce kai waye a gurin mai taron, ka faɗi abu guda da ka sani game da shi wanda ba zai kunyata shi gaban surukai ba, misali yadda ya riƙe ƙannensa bayan rasuwar mahaifinsu, ka gode wa waɗanda suka taso daga nesa, ka yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya ya mai da kowa gidansa lafiya. Minti ɗaya da rabi ya isa. Da ka ji an amsa amin ka miƙa makirfo, tun kafin emsi ya fara matsowa kusa da kai.